Ja da Baƙi Har Kumasi

Tunda na dawo ban huta ba. Wadda ta zo aron turmi, "Sakina ya Gana?" Wadda ta zo kitso, "ya Gana?" Na ba da labarin nan har maƙogwarona ya bushe, kuma kowa ta ɗauka sai ta ƙara nata gishirin. Jiya na ji wai an kulle mu kwana biyu a Togo. To ga shi a rubuce, sau ɗaya. Wadda ta ƙara tambayata takarda zan miƙa mata.

Ga wanda bai san ni ba, gidanmu na Ƙofar Gayan ne a cikin birnin Zariya. Sunana yana nufin natsuwa, shi ya sa a gida ake cewa an yi asarar rago. Na gama sakandare, na ci jarrabawar makarantar koyon aikin jinya a Kaduna, fom yana hannuna, sa hannun Baba kawai ya rage. Baba kuwa ya ce ba zai saki irin bakina a garin mutane ba. Laifina na ƙarshe shi ne na gaya wa mai neman auren yayata cewa turarensa ya riga shi sallama. Gaskiya ce kuma.

Ana cikin haka yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa ya yi zafi. Ɗan takarar su Gwaggo Asabe ya hau mumbari ya ce in ya ci zai wanke sunan Najeriya a idon duniya. Gwaggo Asabe yayar Baba ce, ita ce kuma shugabar matan jam'iyya a mazaɓarmu. Ofishin kamfen ya ce ba sai an jira zaɓe ba, a fara wankin tun yanzu: a tura mata ƙasashen maƙwabta su nuna cewa mu mutanen kirki ne. Aka sa musu suna Jakadun Mutunci. Mata goma sha biyu daga Zariya, rabonsu Kumasi. Gwaggo tana buƙatar mai riƙe jaka da shafa mata man zafi a gwiwa, sai ta ce a ba ta ni.

Baba ya kira ni ɗakinsa, ya ɗora fom ɗin a kan buzunsa inda zan gan shi da kyau.

"Kwana tara ne. In kika je kika dawo Yaya Asabe ba ta kawo min ƙararki ko ɗaya ba, zan sa hannu. In ta kawo, ga keken ɗinkin uwarki can."

Na ce, "Baba ko ɗaya fa?"

Ya ce, "Kin ga kin fara."

Kafin tafiya aka yi mana horo na kwana biyu a wani ɗakin taro a Gyallesu. Mai horon Malam Tanimu ne, amma ya fi son a ce masa Kodineta. Siririn mutum ne mai waya biyu, shi kaɗai ne namiji a tafiyar. Ya rubuta dokoki a allo. A yi murmushi ko da an taka ki. A bi layi. Kada a ce wa kowa "ka san ko ni wace ce?" In an tambayi wutar lantarki a ce ana kan gyara. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, mutanen Gana za su jefa ƙuri'a ne?" Ya ce, "Imej ne, Sakina, imej." Gwaggo ta mintsine ni a cinya. Bayan an tashi ta ce wannan ba za ta sa shi a lissafi ba tunda ba a bar Zariya ba tukuna.

Sai maganar anko, ku riƙe ta da kyau. Kodineta ya ce haramun ne a shiga ƙasar wasu da tambarin jam'iyya, don haka aka cire tambarin da kirarin duka. Abin da ya rage a atamfar shi ne fuskar ɗan takara a cikin da'ira, furanni sun kewaye shi, yana ɗan murmushi yana kallon sama, sunansa a ƙasa. Launi kuma Gwaggo ce ta zaɓa da kanta: ja da baƙi, wai ba ya nuna datti a tafiya. Aka ce kada wadda ta sa sai mun isa Kumasi.

Hanyar Legas ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba, kun san ta. Ƙafafu sun kumbura, na shafa man zafi har hannuna ya daina jin komai. A kusa da ni aka zaunar da Malama Rifkatu, tsohuwar malamar firamare daga Wusasa. Ita aka ɗauko ta yi mana tafinta saboda Turancinta. Tana da wata leda da ba ta ƙarewa, gyaɗa, aya, alewa, duk abin da kika nema yana ciki. Duk lokacin da ta ga bakina ya fara motsi sai ta miƙo min aya ta ce, "Tauna wannan, 'yata." Na ba ta labarin fom tun a Kaduna. Kafin mu kai Legas na ci ayar da ta isa kunun biki.

Mun kwana a Agege gidan wata 'yar jam'iyya, mu goma sha biyu a falo ɗaya, fanka ɗaya, ita ma tana juyawa kamar an tilasta mata. Washegari muka kama hanyar iyaka.

Iyaka uku ce tsakaninmu da Gana, kuma a kowace sai an sauka da kaya. A ta farko na ga abin da ɗan takara yake nufi. Jami'in yana karɓar fasfon mutane yana bugawa yana miƙawa, da ya zo kan namu kore sai ya ware su gefe guda, ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Aka buɗe jakunkunanmu har ƙasa. Aka shinshina yajin Gwaggo, mai shinshinawar ya yi atishawa bakwai, na ƙirga. Duk wannan Gwaggo tana tsaye tana murmushin horo, haƙora a waje. Da muka koma mota ta riƙe muƙamuƙi ta ce, "Sakina, man nan ana shafa shi a fuska?"

A ƙasashe biyu masu Faransanci da ke tsakani Turancin Malama Rifkatu bai yi mana amfanin komai ba. Kodineta ya ce shi ya iya, amma abin da ya iya kalma biyu ne, ya yi ta juya su kamar waina. Abin da na lura da shi shi ne burodinsu. Dogo ne kamar taɓarya, ɓawon yana yanka dasashi, kuma a hammata suke ɗaukarsa tsirara ba leda. Gwaggo ta saya ɗaya ta ce in ba a ci ba a kore kare da shi.

A iyaka ta uku, ta shiga Gana, muka yi abin kunya guda biyu a cikin minti goma. Na farko, Kodineta ya zo da tsaraba ta musamman don manyan Kumasi: huhun goro. Jami'ar da ta buɗe ta duba goron, ta dube shi, ta kira abokiyar aikinta ita ma ta zo ta gani. Goron nan daga wajensu aka kai shi Zariya, mu kuma muka biya masa mota muka dawo da shi gida. Ko a labarin fatake ban taɓa jin wanda ya kai goro Gwanja ba sai mu.

Na biyu ya fi. Dukanmu, har Gwaggo, a jakar ganamasgo muka zuba kaya. Guda goma sha biyu a jere, sababbi fil. Jami'ar ta dafa ɗaya, ta yi wani murmushi da ya fi namu na horo, ta tambaya da Turanci, "Me kuke ce wa jakar nan a ƙasarku?" Matanmu suka dubi juna. Amsar ta taso min har leɓe. Malama Rifkatu ta cusa min aya, ta ce, "Jakar kaya muke ce mata." Matar ta yi dariya ta buga mana fasfo.

A tashar Ankara, babban birnin Gana, na ga abin mamaki. Mutane sun yi layi na shiga mota, ba mai bulala, ba mai ihu, kowa a bayan ɗan'uwansa kamar sahun salla. Mu da aka yi wa horon kwana biyu a kan layi, motar Kumasi na buɗe ƙofa muka manta. Sai da muka cunkushe a bakinta kamar ana rabon taki sannan muka lura mu kaɗai ne. Muka ja da baya a hankali, kowa tana gyara mayafi.

A Kumasi an sauke mu a wani ƙaramin gidan baƙi mai tsabta, na wata mata Anti Akosuwa. Ba Bahaushiya ba ce, amma a bakin zango ta tashi, wato unguwar Hausawan can, don haka tana jin Hausa. Irin Hausarsu ce, wadda ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne, har Gwaggo. Ita ta fara ba mu abincin gari. Sun ɗauki wake da shinkafarmu, sun zuba mata taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai suna shito, sun naɗe a ganye. Na so in ƙi, amma na ci biyu. Dokunu kuwa, wani dunƙulen masara mai tsami, Gwaggo ta ce a gidanta in tuwo ya kai haka kaji ake ba. A hankali ta faɗa, don ita ba mai kai ƙararta.

Babbar jarrabawata ita ce ranar da Anti Akosuwa ta yi mana dafa-duka, ta tsaya a kaina ta ce, "Faɗi gaskiya, namu da naku wanne ya fi?" Gwaggo ta ajiye cokali tana kallona. Na ce, "Kowa da irin nasa." Wallahi sai da na ji zazzaɓi.

Tun shigowarmu garin na lura da fastoci a kowane bango da kowane turken wuta. Fuskar mutum a cikin da'ira, furanni a gefe, suna a ƙasa. Kodineta ya ce ai su ma zaɓen kansiloli suke shirin yi. Na dai ga 'yan takararsu tsofaffi ne tukuf, wata ma ba na jin tana iya tashi sai an riƙe ta. Na yi shiru. Kwana biyar ke nan ina yin shiru, har na fara sabawa.

Ranar Juma'a muka ɓare anko muka shiga babbar kasuwa. Jama'a, ban taɓa ganin tarba irin wannan ba. Masu mota suna tsayawa mu wuce. Mata suna barin rumfa su zo su kama hannunmu da hannu biyu, suna girgiza kai suna magana a hankali da yarensu. Wata ta ba mu lemo ta ƙi karɓar komai. Wata tsohuwa ta shafa fuskar ɗan takara a ƙirjin Gwaggo, ta rungume ta, har da hawaye. Gwaggo ma ta yi hawaye. Kodineta yana ta zagaya mu da waya yana ɗauka, yana cewa, "Kun gani? Kun gani? Har kuka suke yi don ƙaunarsa!" Kafin mu koma masauki ya tura wa Abuja.

Asabar ce ranar babban taro. An shirya mana liyafa a wata makaranta a zango, Gwaggo za ta yi jawabi. Da safe ina bayan gida ina goge mata anko, Anti Akosuwa ta zo ta tsaya, ta daɗe tana kallon fuskar da ke ƙarƙashin dutsen guga.

Ta ce, "Sannu fa. Babanku ne?"

Na ce, "A'a, babanmu na Zariya."

"To wane ne? Ya yi kyau, bai tsufa sosai ba. Ciwo ya yi, ko hatsari?"

Na ɗaga dutsen guga na ce, "Anti, mutumin nan jiya ma ya yi taro a filin wasa."

Ta ja ni ƙofar gida ta nuna min fastocin bango. Ba kansila ko ɗaya. Duk matattu ne, sanarwar jana'iza ce. A wajensu in mutum ya mutu ana buga fuskarsa a takarda, wani lokaci har a atamfa, dangi su ɗinka. Ja da baƙi kuwa kayan makoki ne, ba mai sa su haka kawai. Kuma Asabar ita ce ranar jana'iza a duk garin. Na ce, "To me ya sa ba ki faɗa tun jiya ba?" Ta ce, "Baƙo da ke cikin baƙin ciki ba a tsare shi da tambaya."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na gama sai tsoro ya kama ni. Gwaggo ce ta zaɓi launin nan, ta yi ta alfahari da shi tun daga Zariya. Wanda ya gaya mata ta sa wa ɗan takararta likkafani da ransa, shi za ta riƙe. Na je na same ta tana ɗaura ɗankwali, na gwada irin maganar da ake so in koya, mai zagaye.

"Gwaggo, ko yau mu sa leshinmu? Na ga kamar ana zafi."

"Baƙi ne ke kawo zafi ko bakinki?"

"Na ga kamar mutanen nan ba su cika son ja ba."

"Ba su so suke rungumata? Sakina, saura kwana uku. Kada ki zubar da ruwanki a bakin randa."

Na koma wajen Malama Rifkatu na raɗa mata. Ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!" Sannan ta ce tunda zango za mu, Hausawa ne, za su yi mana kara, mu lallaɓa a gama taro lafiya. Na yarda, don abin da nake so in ji ke nan.

Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne direba. Ɗan gari ne aka ɗauko da ƙaramar bas. Kodineta ya gaya masa sunan unguwa, shi kuma ya dubi kayanmu ya gyaɗa kai kamar ya gane sauran. Ya kai mu unguwar daidai, ya tsaya a gaban wani fili da aka kafa rumfuna ja da baƙi, kujeru reras, ganguna na tashi, lasifika na ƙara, mutane ɗaruruwa. Kowa a cikinsu ja da baƙi.

Gwaggo ta leƙa ta taga ta riƙe baki. "La'ilaha illallahu. Kun ga mutunci? Har ankonmu suka yi!"

Kada ku yi mata dariya da yawa. A Zariya wa ya taɓa jin ganga a gidan mutuwa? Wa ya taɓa ganin ana rawa ana raba lemon kwalba? An riga an binne mamacin da safe, ba gawa a wurin, sai wani babban hoto na dattijo da tabarau, wanda Gwaggo ta ce ai shugaban ƙaramar hukumarsu ne.

Aka tarbe mu, aka jera mu muka bi sahun gaba muna musabaha daga dama zuwa hagu, haka al'adarsu take. Gwaggo na gaba, haƙora a waje. Aka ba mu kujeru. Sai ganguna suka tsaya, wasu mata suka ɗauki waƙa a hankali. Malama Rifkatu ta damƙe hannuna.

"Wannan muke yi a Wusasa in za a kai mutum."

"Ai na gaya miki."

"Je ki gaya wa Hajiya."

"Ke ce babba, Malama."

"Ke ce mai baki."

Muna wannan Kodineta ya riga ya je wajen mai sanarwa ya gaya masa ga tawaga daga Najeriya. Mai sanarwa ya faɗa a lasifika, wuri ya ɗauki guna-guni, aka miƙa wa Gwaggo makirfo. Aka ja Malama Rifkatu ta tsaya kusa da ita.

Jawabin nan na haddace shi, don tun daga Kaduna ake bita a kunnena. Na san farkonsa, na san ƙarshensa. Gwaggo ta buɗe takarda ta ce, "Jama'ar Kumasi, yau ranar farin ciki ce gare mu da ku baki ɗaya." Malama Rifkatu ta faɗi wani abu daban da Turanci. Amma a Kumasi masu jin Hausa ba su da iyaka, na ga kawuna sun fara juyawa. Saura layi huɗu ta kai inda za ta ce, "Allah ya maimaita mana, baɗi war haka mu taru fiye da haka," matanmu kuma su saki guɗa. Na ga Hajiyoyin sun fara gyara zama, wata har ta kai hannu hanci.

Na tuna fom a kan buzu. Na tuna keken ɗinki, wanda ƙafarsa ke ƙara kamar ana yanka akuya. Sannan na dubi sahun gaba na ga wata tsohuwa cikin baƙi, da gani matar mamacin ce, idanunta sun kumbura, tana kallon Gwaggo tana jiran ta ji abin da baƙin nesa suka zo gaya mata.

Na tashi. Niyyata in rufe makirfo da hannu in yi raɗa. Ban iya raɗa ba, ban taɓa iyawa ba. Abin da ya fita ta lasifika huɗu, har bakin titi, shi ne:

"Gwaggo ki yi shiru, gidan mutuwa ne!"

Yayar ubana. A gaban mutum ɗaruruwa. A ƙasar waje.

Gwaggo ta dube ni, irin kallon da ke sa a tuna duk zunuban da aka yi. Sannan ta dubi hoton dattijon, ta dubi rumfunan, ta dubi atamfar jikinta, ta dubi tsohuwar nan. Murmushin horo ya sauka daga fuskarta, fuskarta ta gaske ta dawo. Ta ninke takardar ta miƙo min ba tare da ta kalle ni ba. Ta cire takalmi. Ta taka har gaban tsohuwar, da gwiwar nan da na sha shafawa, ta zauna a ƙasa ta kama hannunta.

Ku faɗi duk abin da za ku faɗa a kan matan cikin birni, amma ba wanda zai koya musu gaisuwar mutuwa. Gwaggo ta ce, Malama Rifkatu na juyawa, "Baiwar Allah, mun shigo ba mu san gidan da muka shigo ba. Ki yafe mana. Ya haƙuri? Ni ma nawa ya tafi shekara shida ke nan. Yanzu mutane ne ko'ina, ba za ki ji ba. Sai an kwashe kujerun nan, kin dafa abinci kin ga kin zuba na mutum biyu. Ranar ki tuna wata a Zariya ta riga ki, kuma tana nan ba ta mutu ba. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari."

Tsohuwar ba ta jira fassarar ta ƙare ba, ta rungume ta. Matanmu suka sauko daga kujeru ɗaya bayan ɗaya, suka tuɓe takalma, suka zauna a ƙasa kamar yadda ake zaman makoki a gida. Malama Rifkatu ta kama waƙar nan da Hausa, su suna yi da yarensu, murya ɗaya. Kodineta ya ɗaga waya. Gwaggo ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Tanimu, sauke abin nan." Ya sauke. Ta sa aka kwaso tsarabar liyafa daga mota, dabino da kilishi har da goron Gwanja, aka ajiye a gaban matar.

Can babban ɗan mamacin ya karɓi makirfo. Ya ce mahaifinsu ya yi koyarwa a Najeriya yana saurayi, ya baro ta ba da daɗi ba lokacin da aka kori 'yan Gana, da jaka ɗaya, kuma har ya mutu ba ya son a ambaci sunanta a gidansa. Ya ce, "Yau ga ta ta zo da ƙafarta, ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa a gaban uwarmu." Malama Rifkatu ta share ido ta ce min malamin da ya koya mata lissafi ma ɗan Gana ne, rana ɗaya aka wayi gari babu shi. Ni dai jakunkunanmu goma sha biyu na tuna, na gode wa Allah da suna masauki.

Mun zauna har la'asar. Liyafar zango muka isa a makare, da ƙura a zane. Dattawan can suka dubi ankonmu, suka dubi juna, suka yi mana kara kamar yadda Malama ta ce. Kodineta kuwa ya shafe yammacin yana roƙon Abuja a waya kada a saki bidiyon kasuwa. Abu ɗaya da muka yi na wanke sunan ƙasa, ko hotonsa babu.

Daga Kumasi har Zariya, kwana uku, iyaka uku, Gwaggo ba ta ce min uffan ba. In tana son man zafi sai ta miƙo ƙafa. Malama Rifkatu ta daina ba ni aya, ta ce ba sauran amfani. A Wusasa da za ta sauka ta ce, "Ɗinki ma sana'a ce, 'yata."

Washegarin dawowarmu Gwaggo ta zo gidanmu da hantsi. Baba ya sa aka kira ni. Fom yana nan inda na bar shi, biro a kansa. Na durƙusa a bakin ƙofa.

Baba ya ce, "To Yaya, ya yarinyar?"

"Ƙara na kawo."

Baba ya ɗauke biron ya sa a aljihu.

"Yarinyar nan ta ce min in yi shiru. A lasifika. Tun da uwarmu ta rasu ba wanda ya ce min haka."

Baba ya ce, "Inna lillahi."

"Ba wannan ce ƙarar ba, Sani, bari in gama. Ƙarar ita ce, tun da safe ta san kayan makoki ne a jikina. Ta zo tana min wani zancen zafi da leshi. Sakinar da na sani da tun a ɗaki ta ce Gwaggo kin yi shigar gawa, in zage ta, in canza kaya, magana ta ƙare. Wa ya ɗaure mata baki har sai da na hau lasifika?"

Baba ya sunkuyar da kai yana kallon fom.

"Tambayarka nake yi."

"Yaya, ai gyara nake so ta yi."

"Mutum goma sha uku muka tafi, kowa ya iya kara. Da kara ce kawai a motar nan, da yanzu mun yi guɗa a kan kabarin mutane. Fito da biron nan. Asibiti na buƙatar wadda za ta gaya wa mutum ciwonsa tun da safe."

Baba ya sa hannu, yana cewa shi dai bai ga ranar da za a kawo ƙarar Sakina a kan ta yi shiru ba. Na buɗe baki zan yi magana, Gwaggo ta ce, "Ke kuma kada ki ɗauka na yafe."

Zaɓe dai saura makonni, ban san wanda zai ci ba, kada a tambaye ni. Sunan Najeriya kuma ban san ko ya wanku a idon duniya ba. Na dai san gida ɗaya a Kumasi da yanzu ake ambatonsa. Shekaranjiya ɗan mamacin ya bugo wa Gwaggo waya, wai in shekara ta zagayo za su yi taron tunawa, uwarsu ta ce lallai a gaya wa 'yar'uwarta ta Zariya. Gwaggo ta ce in Allah ya kai mu za ta. Da ta ajiye wayar na ce, "To ai anko dai kina da shi." Ta jefe ni da mafici.